Tambaya ta Biyu a Takardar Hafiza

Duk wanda ya taɓa kwanciya a ƙaramin asibitin nan na cikin garin Isa ya san Hafiza, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce doguwar nan mai tsagen Gobirawa a kumatu, wadda ke shigowa da bokiti da tsumma tun likita bai iso ba. Ta goge ƙasa, ta zubar da fo, ta wanke zannuwan da ba mai son taɓawa. Shara aka ɗauke ta yi, amma shekara huɗu tana yi da ido buɗe. Ta san ledar ƙarin ruwan da ta kusa ƙarewa, ta san numfashin da ya kamata a ruga a kira wani a kansa. Ma'aikatan jinya kan tsokane ta da “Sista ba takarda”, ita kuwa sai ta yi murmushi ta ci gaba da matse tsummanta, alhali sunan yana ci mata rai.

A wata 'yar unguwa gaba da Kamarawa aka haife ta. Mahaifinta Kalilu manomin gero da dawa ne, yana ɗan taɓa kiwon awaki. Shekara biyar ke nan da 'yan bindiga suka same shi a gona yana huɗa, suka kashe shi, suka bar shi nan kan kunyar gona. Bayan sadakar bakwai iyalin suka kwaso abin da ya kwasu suka shigo Isa, wani ɗan uwa ya ba su aron ɗaki biyu. Su huɗu ne a gidan yanzu: Hafiza, da mahaifiyarta Inna Habi, da yayanta Jibrilla mai haya da babur, da matarsa Bilkisu. Karatu kuwa da jan ciki ta gama shi, yau a buɗe makaranta, gobe a rufe saboda an ga baƙin babura a daji. Sau biyu tana zana jarrabawar fita sakandare kafin sakamakon ya yi kyan gani, ta riga ta kai ashirin da huɗu.

Bana sai wata makarantar koyon aikin jinya a Sakkwato ta ware gurabe kaɗan domin 'yan matan garuruwan da rikici ya ɗaiɗaita. Ban da sakamakon jarrabawa, sun ce kowa ta amsa tambaya biyu da Turanci, kowace amsa kada ta wuce shafi guda. Ta farko: waɗanne halaye za ki zo mana da su, kuma a ina kika koye su? Ta biyu ta fi tsawo. Ba mu labarin wani lokaci da duk mutanen da ke kewaye da ke suka yarda da abu ɗaya, ke kuwa idonki ya nuna miki wani abu dabam. Me kika gani, me kika yi, me za ki yi da a yau ne?

Shagon Shafi'u mai kwamfuta, kusa da tasha, nan kowa ke zuwa cike takardar. Shafi'u mutumin kirki ne, sai dai yana ganin duk tambayar duniya an riga an amsa ta, aikinsa kawai ya nemo inda aka ajiye.

“Malama Hafiza, kada ki wahal da kanki,” in ji shi. “Ga amsa nan cikin kwamfuta, sunanki kaɗai za ni canza.”

Ya karanta mata. Wai wata kaka ce ta faɗi ciwo, dangi duk suka ce aljanu ne, jikarta mai hankali ta tsaya kai da fata sai an je asibiti, aka je, kaka ta warke, kowa ya sa wa yarinya albarka. 'Yan mata goma sha ɗaya ya riga ya buga wa wannan amsa. Ashe duk 'yan matan Isa kakarsu ɗaya, kuma tsohuwar ba ta gajiya da warkewa. Hafiza ta ce ya ba ta kwana uku. Ya ɗaga kafaɗa, ya tuna mata ranar Juma'a ake rufewa.

Tambaya ta farko ba ta ba ta wuya ba. A kan benci a bayan asibiti ta rubuta ta, kuma daga farko har ƙarshe Inna Habi ce a ciki. A ƙauye Inna Habi ake kira idan mace ta haihu, ita ke kula da mai jego har ta yi arba'in, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ita ta koya wa Hafiza cewa ba a yamutsa fuska a gaban mara lafiya, ba a fitar da abin da aka gani a ɗakinsa, kuma ba a miƙa masa ruwa a ƙazamin kofi don kawai ba ya iya magana. Duk gaskiya ne, alƙalami ma gudu ya riƙa yi.

Ta biyun ce ta tsaya mata a wuya. Tana da amsar, shekara bakwai tana ɗauke da ita, kuma mutum ɗaya ne a duniya ta rantse ba zai taɓa jin ta ba, wato ita Inna Habin.

Nusaiba ce 'yar farin Inna Habi, ta girmi Hafiza da shekara biyar. Kamar yadda aka saba, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Inna Habi ta riƙe wannan kunya da ƙarfi fiye da kowa a unguwar. Tun da Hafiza ta yi wayo ba ta taɓa jin sunan a bakinta ba, sai dai “waccan”. Ku kira waccan ta ci tuwo. Waccan ta dawo daga rijiya? Amma kowa ya san idan aka yanka kaza, cinya tana ɓoye a ƙarƙashin tuwon waccan.

An aurar da Nusaiba can wajen Alkalawa, da cikinta na fari ya tsufa ta dawo gida haihuwa. Ta sauka lafiya, ta sami mace. Inna Habi, wadda ta yi wa matan mutane wankan jego ba adadi, ta ɗaura ɗamara za ta yi wa tata wanda ba a taɓa yi wa kowa ba. Abin da bakinta ba ya iya faɗa, a wannan wanka ta zuba shi. Rabin ganga aka girka a kan murhu, safe da yamma ruwa ya tafasa, a tsoma ganyen darbejiya a riƙa fyaɗa wa mai jego har jikinta ya yi tururi. Garwashi a ƙarƙashin gado. Kunun kanwa kuwa kwano uku a yini, da kanwa mai yawa, don nono ya kawo, jiki ya yi ƙwari. Hafiza tana da shekara goma sha bakwai, ita ce mai ɗebo ruwa, mai hura wuta, mai dama kunu.

Wajen kwana goma sha biyar da haihuwa ƙafafun Nusaiba suka fara kumbura. Sai tari, sai haki. Daga ɗaki zuwa bayan gida sai ta tsaya ta dafa bango. Ta daina iya kwanciya, barci ma a zaune take yi, an tara mata matasai a baya. Matan unguwa suka zo dubiya, bakinsu ya zo ɗaya: sanyi ne ya shige ta, ɗanyen jiki ne, wankan bai ratsa ba. Magani kuwa sananne ne, a ƙara wuta, a ƙara kanwa.

Hafiza ce kaɗai ke riƙe ta idan an gama wanka, don haka ita ta lura. Duk ranar da ruwa ya fi zafi, hakin ya fi tsanani. Idan ta danna ƙaurin yayarta da yatsa, wurin sai ya lotsa ya ƙi tasowa, kamar an danna tuwo. Wata rana itace ya yanke, aka yi wanka ɗaya kawai da ruwa mai ɗumi, ranar Nusaiba har hira ta yi. Hafiza ta haɗa wannan da wancan. Ta sami Inna Habi a bakin murhu.

“Inna, ni ina ganin kamar wankan ga shi ka ƙara mata ciwo.”

Inna Habi ko juyowa ba ta yi ba. “Ke mi kika sani? Kin taɓa haihuwa? Mata nawa na wanke garin ga, wace ta mutu? Tura icce.”

Ta tura itace. Sau ɗaya ta faɗa, aka ce ta yi shiru, ta yi shiru. Kwana goma sha ɗaya bayan nan tana hura wutar tana dama kunun da hannunta, tana kai wa yayarta har baki.

Ranar kwana talatin da ɗaya leɓɓan Nusaiba suka yi duhu. Jibrilla ya ɗora ta a babur, Hafiza ta zauna a baya ta rungume ta, suka nufo Isa. Inna Habi ba ta biyo su ba, wai kada a ce ta rasa kunya a kan 'yar fari, ta tsaya da jaririya. A asibiti wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ta duba ƙafafun, ta saurari ƙirjin, sannan ta ja Hafiza gefe.

“Wa ka yi mata wanka? Kunun kanwa sau nawa ta ka sha?”

Hafiza ta faɗa mata. Matar ta yi ajiyar zuciya. Ta ce zuciyar ce ta gaji, ruwa ya taru a huhu. Ta ce ba kowace mai jego abin ke kamawa ba, shi ya sa mutane ba sa yarda, amma wadda zuciyarta ta raunana bayan haihuwa, kanwa da wannan zafi kaya ne ake ƙara mata. Da an tsaya tun ranar da ƙafa ta fara kumbura an kawo ta, da wataƙila an yi wani abu. Kafin la'asar Nusaiba ta cika. Jaririyar ma ba ta yi wata uku ba ta bi ta.

Jibrilla yana waje lokacin da aka yi wannan magana, bai ji ba. Da suka kai gawa gida, Inna Habi ta tambayi Hafiza abin da likita ya ce, idonta a ƙasa. Hafiza ta dubi hannuwan uwarta, duk tabon ƙunar ruwan zafi, ta ce, “Sun ce kwana ne ya ƙare.” Inna Habi ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Abin da kawai take maimaitawa shi ne, ta gode wa Allah ba ta gaza wa waccan da komai ba, ko wanka ɗaya ba a tsallake ba sai ranar da itace ya yanke. Da wannan magana ta rayu. Da ita ta binne miji, ta bar gidanta da rumbunanta, ta zo ta zauna a ɗakin aro ba ta karye ba.

To, ga abin da tambaya ta biyu ke nema. Hafiza ta yi fushi da waɗanda suka tsara ta, mutanen da ke zaune a ofis suna tambayar abin da ba su san nauyinsa ba. Ranar Laraba har ta kama hanyar shagon Shafi'u ta karɓi kakar kowa da kowa ta huta. Sai dai kafin ta fita ta ga abin da ke jingine a bayan ɗaki. Bilkisu matar Jibrilla cikinta wata tara, na fari, iyayenta kuwa sun tsallaka Nijar tun da aka tashi ƙauyensu na wajen Burkusuma, saboda haka jegonta a hannun Inna Habi zai kasance. Tsohuwa ta riga ta samo rabin ganga. Ta tara itace ɗauri shida, a garin da zuwa daji yo itace ke iya zama ajalin mutum. A kan taga kuma ga ƙullin kanwa a leda, ya kai girman kan jariri.

Hafiza ta koma ta zauna ta rubuta. Turancinta ba mai ado ba ne, ta rubuta abin da ta gani bi da bi: ƙafar da ke lotsawa, hakin bayan wanka, ranar da itace ya yanke. Ta rubuta cewa ta gane, ta faɗa sau ɗaya, ta ji tsoron a ce ba ta da kunya, ta ci gaba da hura wuta. Ba ta ce uwarta jahila ce ba, don ba jahila ba ce, abin da ta gada ta yi, kuma da ƙauna ta yi shi. A ƙarshe ta ce da a yau ne za ta faɗa sau goma, idan an ƙi ji ta kashe wutar da hannunta. Kalmar kanwa ba ta san ta da Turanci ba, sai ta bar ta yadda take. Niyyarta ta kai wa Shafi'u ya buga, takarda ta tafi Sakkwato inda ba wanda ya san su. Maganar Bilkisu kuwa ta ce za ta san dabarar da za ta yi, ko ta riƙa rage kanwar a ɓoye.

Ta manta da abu ɗaya. A gidan Inna Habi ba abin da ke fita neman alheri sai an sa masa albarka. Ranar Alhamis bayan la'asar, tsohuwa tana zaune a tabarma tana tsince wake, ta ga takardu a hannun 'yarta.

“Zo ki karanta mani in sa albarka. Da Turancin za ki karanta, in ji abin da ubanki bai samu ji ba.”

Hafiza ta ji sanyi a ranta, tunda Inna ba ta jin ko kalma ɗaya. Ta karanta amsar farko, Inna Habi tana murmushi tana gyaɗa kai kamar mai fahimta. Ta shiga ta biyu da sauri, tana so ta wuce. Ta kai tsakiya sai ta ga hannun uwarta ya tsaya a cikin wake.

“Dakata. Na ji sunan waccan har sau ukku. Na kuma ji kin ce kanwa. Mi ya haɗa su cikin takardar makaranta?”

Ƙarya tana nan kusa, mai sauƙi. Tana iya cewa ta rubuta yadda aka kula da yayarta ne. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai Bilkisu ta fito daga ɗaki tana jan ƙafa, hannu a ƙugu, ta wuce ta gaban gangar nan za ta bayan gida. Hafiza ta bi ta da kallo. A takardar da ke hannunta ta rubuta cewa da a yau ne za ta faɗa, ga yau ɗin ta zo ta same ta a tsakar gida.

Ta mayar da shi Hausa, jimla bayan jimla, ba ta tsallake komai ba, har maganar dattijuwar asibiti. Hawaye na sauka a kan takardar. Tausayin uwarta ya kama ta kamar ta mutu, amma ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshe.

Inna Habi ta zare hannunta daga cikin wake. Can ta ce, a hankali, “Shekara bakwai kina sane?”

“Ina sane, Inna. Ki gafarce ni.”

“Ranar da icce ya yanke, har dariya ta yi. Na gani. Ni ma na gani, na ce sauƙi na ya fara zuwa, na tashi na nemo icce.” Ta dubi hannuwanta, ta juya su. Sannan ta ce, “Nusaiba.”

Hafiza ba ta taɓa jin sunan da wannan murya ba. Ya fito a karkace, kamar bakin bai san yadda ake furta shi ba. Inna Habi ta sake faɗa, ta kuma sakewa, sannan ta tashi ta shiga ɗaki ta bar waken a tabarma, awaki suka zo suka sa baki ba wanda ya kore su.

Ranar Juma'a Shafi'u ya buga amsar. Ya karanta yana bugawa, da ya gama bai yi wasan da ya saba ba, ya ce kawai Allah ya jiƙanta.

Bilkisu ta haihu bayan kwana tara. Da ruwa mai ɗumi aka yi mata wanka, kunun gero zalla ta sha, kanwar kuwa Inna Habi ta farfasa ta zuba wa awaki a kaskon ruwansu. Maƙwabta suka yi ta gutsiri-tsoma, wai tsohuwa ta yi wa surukarta riƙon sakainar kashi don iyayenta ba sa kusa. Ba ta tanka wa kowa ba. Bilkisu ta yi arba'in lafiya, ko da ma can lafiyar za ta yi, wannan Allah kaɗai ya sani.

Amma Inna Habi ba ta koma yadda take ba. Ta rage ci, zanenta ya fara yi mata yawa. Idan aka zo kiranta gidan haihuwa sai ta ce a nemi wata. Matar da ta yi kusan shekara talatin ba ta kira sunan 'yarta ba, yanzu tana shara tana kiransa, tana tankaɗe tana kiransa, har baƙi kan waiwaya su ga wa ake kira. Ba ta taɓa yi wa Hafiza faɗa ba, ba ta kuma ƙara haɗa ido da ita ba.

Bayan wata biyu saƙo ya shigo wayar Hafiza, an ba ta gurbi. A asibiti aka yi ta murna, masu kiranta Sista ba takarda suka ce yanzu sai a nemo mata wani suna. Ita dai ta kasa yin farin cikin yadda ta zata za ta yi.

Ranar tafiya Jibrilla ya ɗaure jakarta a babur zai kai ta tasha, don motocin Sakkwato da hantsi suke fita, a jere, saboda hanya. Hafiza ta durƙusa a ƙofar ɗakin uwarta. Inna Habi tana zaune a bakin gado ta ba ƙofa baya. Ta sa mata albarka cikakkiya, ba ta rage komai ba, ta roƙa mata tsari daga sharrin hanya. Hafiza ta miƙe za ta fita, sai ta ji ta sake magana.

“Hafiza. Can makarantar, suna koya ma mutum komi da komi na ciwon ga?”

“Suna koyawa, Inna.”

“To ki koyo da kyau. In kin dawo ki faɗa mani ko wace rana ta ya kamata in daina. Ina ta ƙidaya, na kasa gane ta.”